Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da allon ƙari na TRS-80 Model 100

Assalamu alaikum.

Iyayenmu, malamanmu da sauran abokan cinikinmu masu daraja,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, mun ga ya wajaba mu rubuto muku wannan takarda a fili, domin bayanin da muke yi wa mutum ɗaya ɗaya ta waya yana sauya kama kafin ya kai kunne na uku, abin da yake dawo mana kuma ba shi ne abin da muka faɗa ba. Maganar ta allon ƙari ce, wato ƙaramin allon lantarki da ake ƙara wa inji, da muka haɗa wa tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka TRS-80 Model 100, wanda wasunku suka karɓa a rukunin farko suka gamu da matsala, wasu kuma suka ba da kafin alƙalami suna zaman jira har yau. Roƙonmu na farko shi ne, duk wanda allon yake hannunsa ya kashe injin, ya kifa shi, ya buɗe ƙaramin murfin ƙasa ya zare allon a hankali, kada ya mayar da shi sai ya ji daga gare mu. Don Allah a kula da makunnin memori da yake a ƙasan injin, kada hannu ya taɓa shi, domin kashe shi yana share duk abin da aka ajiye.

Kafin a yanke mana hukunci muna so a tuna irin injin da muke aiki a kansa. Kamfanin Kyocera na Japan ne ya ƙera shi, kamfanin Tandy kuma ya fara sayar da shi a shagunan Radio Shack na Amurka a 1983. Ƙwaƙwalwarsa 80C85 ce mai gudun megahaz 2.4, memorinsa daga kilobait 8 zuwa 32, fuskarsa layi 8 ce kowanne da harafi 40, batir 4 na AA kuma suna riƙe shi kimanin awa 20. Abin da ya ba shi wannan juriya shi ne an gina shi da aisi (IC), wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ake mannawa a kan allo, na jinsin CMOS masu cin wuta kaɗan, kuma waɗanda suka tsara sashen wutarsa sun auna shi daidai cikin injin, ba su bar wani rarar kirki ba. Wannan sashe yana karɓar bolt 6 daga batir ko adafta, ya fitar da bolt 5 na aiki da kuma bolt 5 negatib domin fuska da mahaɗar RS-232, wadda ta nan ake haɗa injin da wata na'ura. Injin ba shi da faifai. Duk abin da mutum ya rubuta yana zaune ne a cikin memori, wani ɗan batir na NiCd da aka manne da dalma a ciki yana gadinsa, saboda haka da zarar wuta ta yi rawa a lokacin da ƙwaƙwalwar take rubutu, ajiyar mutum tana cikin haɗari.

Allonmu yana shiga ne a mahaɗar nan mai ƙananan ƙafafu 40 ta ƙarƙashin injin, wadda tun asali aka tanada domin akwatin faifai da talabijin da Tandy ya yi wa injin. Aikinsa biyu ne, ƙarin memori da gurbin katin SD, domin mutum ya daina dogaro da kaset ko igiyar RS-232 wajen kwashe rubutunsa. Katin SD da bolt 3.3 yake aiki, kuma yana fizgar wuta da ƙarfi na ɗan lokaci duk sanda ake rubutu a kansa. Mun san da haka tun a kan takarda, shi ya sa muka yi lissafin cewa sauran aisi da suke kan allon dole su kasance na jinsin 74HC, waɗanda idan suna zaune ba aiki kusan ba sa shan komai, domin a bar wa katin ɗan abin da ya rage.

A nan aka cuce mu. Mai kawo mana kaya daga waje, wanda muka daɗe muna hulɗa da shi ba mu taɓa samun saɓani ba, ya aiko mana da aisi da aka buga wa 74HC a bayansu, rasit ɗinsa ma haka ya ce. Bayan ƙorafi ya fara zuwa, wani dare muka zauna da ƙaramin ma'aikacinmu muka ɗora mita a kan allo ɗaya da ba a sa masa kati ba, muka ga yana shan wutar da bai kamata allo mai zaman banza ya sha ba. Yaron ya jiƙa auduga da tina ya goga bayan aisi guda, sai baƙin fenti ya biyo audugar tare da rubutun, ƙarƙashinsa ga sawun sanfefa a fili. Tsofaffin aisi ne na jinsin 74LS mai cin wuta aka kankare aka sake musu suna. Ƙafafunsu iri ɗaya ne da na 74HC, aikinsu a ido iri ɗaya, amma kowane ɗaya yana zuƙar miliamfiya ko ana aiki ko ba a yi. Ban da wannan, siginar sama, wato mai nufin 1, da 74LS yake fitarwa tana iya tsayawa a wajen bolt 3.4, har ta sauka zuwa 2.7, alhali aisi na CMOS da yake kan bolt 5 yana son ya ga wajen 3.5 kafin ya tabbatar siginar sama ce. Idan aka haɗa waɗannan biyu da fizgar katin, sai jan fitilar batir ta kama da wuri, injin ya daskare, in ya farfaɗo kuma mutum ya tarar kwanan wata ya koma Jan 01,1900 a saman fuska, ba abin da ya rage a jerin sai manhajojin da injin ya zo da su, wato BASIC, TEXT, TELCOM, ADDRSS da SCHEDL. Wanda ya taɓa ganin wannan ya san yadda gaba yake faɗuwa.

An tambaye mu, kuma tambayar tana kan hanya, me ya sa gwajinmu bai kama wannan ba. Mun gwada kowane allo kafin ya fita, amma a kan injinan shagonmu, waɗanda muka riga muka sauya wa kafasito, wato 'yan ma'ajiyar wuta da suke hana ta rawa, kuma a kan adafta. Injin da ya haura shekara 40 da kafasitonsa na asali, yana kuma tafiya a kan batir da ya fara sanyi, ba zai jure abin da namu suka jure ba. Mun sha gaya wa masu kawo mana gyara cewa waɗannan kafasito suna bushewa, batirin NiCd kuma yana yoyo ya ci layukan allo, wasu suka ce a bari sai wani jiƙon. Ba muna ɗora laifi a kan kowa ba ne. Haka kuma injina biyu da aka dawo da su da sunan allonmu ya ƙone su, da muka buɗe adafta ce ta yi ɓarnar. Tsakiyar bakin adaftar Model 100 negatib ne, akasin mafi yawan adaftocin da ake sayarwa a kasuwa yau, kuma bakin zai shiga ramin lafiya lau ko da juyayye ne.

Ga masu jira, jinkirin ba na son rai ba ne. Mai kayan ya fara cewa shi ma haka aka sayar masa, daga baya ya rage ɗaga waya. Sayen wasu daga dillalan da aka amince da su yana nufin biya da dala, kuma kowa ya san inda naira ta nufa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023, bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu na wannan shekarar. A Afrilun 2024 aka mayar da wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Aikin dalma ba a yin sa da fitilar waya, cire aisi mai ƙafa 14 ko 16 ba tare da an ɗaye layin allo ba yana son ƙarfe mai tsayayyen zafi, idan an ɗauke wuta kuma sai janareta. Farashin da muka yanka muku tun farko da ƙyar ya rufe kuɗin kaya, yanzu kuwa aiki ɗaya za mu yi sau biyu.

Muna nan a kan gyaran. Muna duba yiwuwar ba wa allon wutarsa ta kansa ta bolt 5 daga waje, domin a sauke wa injin nauyi gaba ɗaya, sai dai wannan ma yana da nasa tarkon, domin idan allo yana da wuta injin yana kashe, wutar tana iya silalewa ta layukan sigina ta koma cikin injin ta baya. Ba za mu fitar da shi ba sai hankalinmu ya kwanta. Maganar rana da ta farashi, da yadda za a yi da waɗanda suka riga suka biya, za mu sanar da zarar abubuwa sun daidaita, in Allah ya yarda.

Mun ji an ce wai aikin 'yan koyo ne, wai gara a yi odar na waje. Kowa da kuɗinsa, ba mu da ikon hana shi. Abin da muka sani shi ne shekaru da dama injinan da aka ce sun mutu a teburinmu suka tashi, kuma waɗanda suka kawo su suna raye.

Muna godiya ta musamman ga Baba, tsohon ɗan jarida, wanda ya fara kawo mana irin wannan injin a naɗe cikin tsohon rawani, shi ne kuma ya rasa shafukan da ya rubuta a wannan matsala, amma da ya zo sai ya fara da tambayar lafiyar yaranmu. Baba, kunyarka muke ji, Allah ya ƙara girma. Muna gode wa Malam na jami'a da yake turo mana ɗalibansa tun muna ƙaramin shago, da Hajiya da ta riƙe injin marigayi maigidanta ta ce ba wanda zai buɗe shi sai mu, da Alhajin da ya aiko da kuɗinsa daga Maraɗi bai taɓa ganin fuskarmu ba, har yau kuma bai ce a mayar masa ba. Duk wanda zai dawo da allonsa, muna roƙon ya haɗo da injin da adaftar da yake amfani da ita, domin mu auna su tare a gabansa.

Allah ya bar zumunci.

Naku a kullum,
Maigida da ma'aikatan ɗakin gyara