Sanarwa kan sintirin dare a bakin teku

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai ya kama, don haka za mu koma sintirin dare, bibbiyu kamar yadda muka saba. Wanda ba zai samu fitowa ba, don Allah ya faɗa tun da rana.

Abin da nake so in jaddada shi ne maganar farar tocila. Uwar cikin duhu take fitowa, ta tona rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai wajen 100, ta binne. Kafin ta fara zubawa, ɗan haske ko motsi ya isa ya mayar da ita ruwa. Bara a gabana wani ya haska waya wai zai ɗauki hoto, ta juya abinta. A riƙe jar fitila kawai, a tsaya ta bayanta.

Bayan kamar wata 2 ƴaƴan za su fito. Kada a kwashe su a kai ruwa, a bar su su rarrafa da kansu. Namu korar karnuka da cike ramukan da ke kan hanyarsu.

In kun ga ramin da igiyar ruwa za ta cinye, ku sa alama ku sanar a nan. Kada kowa ya taɓa ƙwan, juya shi kawai na iya kashe ɗan da ke ciki.