Godiya ta musamman ga shagon kayan farauta na garinmu a Pensilbaniya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan wasiƙa zuwa ga ma'aikatan ɗan shagon kayan farautan nan da ke bakin babban titin garinmu a tsakiyar jihar Pensilbaniya ce, musamman Baba mai shago da maiɗakinsa da saurayin da ke gyaran bindigogi a ɗakin baya. Na san ba kwa jin Hausa, 'yata ta ce ita za ta karanta maku da Turanci, amma na fi so in rubuta da harshena don 'yan uwanmu mazauna Amurka su ma su gani, saboda da yawa suna sha'awar farautar barewa amma tsoron shiga shagon bindiga da tsoron tsada sun hana su.

Baba, abin da ya sa nake maku godiya a bainar jama'a shi ne kun hana ni kashe kuɗin da babu dalilin kashe shi, alhali ku ne za ku ci ribar. Na zo sayen bindigar farautar barewa, wani abokin aikina ne ya dage wai in ba babbar bindigar nan mai harsashin .300 Winchester Magnum ba to ban sayi komai ba, da na faɗa maku sai kuka yi dariya kuka tambaye ni a ina zan yi farautar. Na ce a filayen farauta na gwamnati da ke bayan gari, kuka ce to a wannan dajin namu mai duhun itatuwa da tuddai da wuya ka hangi barewa fiye da yadi 100, mafi yawa ma ba ta kai haka ba, me zai sa ka ɗauko bindigar da ke shuri kamar jaki, harsashinta kuma ya yi tsada har ka kasa zuwa gwaji? Wallahi wannan maganar ita ta sa na zauna na nutsu na saurare ku.

Sai kuka jera min bindigogi guda huɗu a kan kanta, Savage Axis da Ruger American da Mossberg Patriot da Winchester XPR, duk masu sakata ne da ake ja da hannu bayan kowane harbi, kuka ce kar in tsaya kallon suna, in ɗauki kowace in rufe ido in kai kafaɗa sannan in buɗe in gani ko idona ya faɗa daidai inda ya kamata. Ni mutum ne gajere, hannuna ba dogo ba, biyu daga ciki ƙotarsu ta min tsawo sai na miƙa wuya. Ruger ɗin ce ta zauna daram, kunamarta kuma ba tauri, ga shi ana iya daidaita ta. Akwai wata Tikka ƴar ƙasar Finland a rataye a bango, sakatarta sumul ba ƙara ba cijewa, gaskiya raina ya biya, amma ku da kanku kuka ce kyakkyawa ce ba musu sai dai barewa ba ta san bambanci ba, in ajiye rarar kuɗin don madubin hange da harsashin gwaji. A ina ake samun ɗan kasuwa irin wannan yanzu dan Allah?

Wurin zaɓen harsashi nan ne kuka fi ɓata lokaci a kaina kuma nan ne na fi ƙaruwa. Kun ce .243 mai sauƙin bugu ce, ita ake fara ba yara da mata kuma tana kayar da barewa lafiya lau, 6.5 Creedmoor kuma ita ce ake yayi tun bayan fitowarta a 2007, sai .30-06 tsohuwa tun 1906 wadda kakanninku suka yi amfani da ita, da .270 da .308. Shawararku ita ce in ɗauki wadda ko a wane ƙauye na shiga shago zan samu harsashinta ba tare da yawo ba, kuma wadda zan iya harbawa sau da yawa a jere kafaɗata ba ta fara tsoro ba, don mutum in ya fara jin tsoron bugun bindigarsa to rufe ido zai riƙa yi kafin ya ja kunama, daga nan kuma sai raunata dabba a banza ta gudu ta mutu a inda ba wanda zai same ta. Na ɗauki .308. Madubin hangen kuma 3-9x40 kuka ɗaura min, wato mai kusanto da abu ninki uku zuwa tara, ba mai tsada can ba kuma ba irin na banza da ke yin hazo da sanyin asuba ba, kuma saurayin nan ya ɗaura ya daidaita ko sisi bai karɓa ba.

Abu na biyu shi ne doka, wanda shi ne ya fi tsorata mu baƙi. Kun min bayani dalla dalla cewa a jihar nan ba a farautar barewa da bindigar raifal mai sarrafa kanta, dole wadda ake juyawa da hannu, shi ya sa tsofaffin mafarautan nan suke ji da Remington 760 mai ja gaba da baya. Kun ce sai na fara yin kwas ɗin koyon farauta na hukumar Pennsylvania Game Commission kafin a ba ni lasisi, kuma lasisin na namiji mai ƙaho ne, shi ma sai ƙahon ya cika ƙa'idar rassa uku a gefe ɗaya, ta mace kuwa takardarta daban ake nema. Ga rigar nan da hula masu launin lemo mai ƙyalli, inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya, ga maƙala takarda a kunnen dabba kafin ka motsa ta, ga kai rahoto cikin kwana 10. Da aka zo cike fom 4473, wato takardar gwamnatin tarayya da mai sayen bindiga ke cikewa, da binciken da ƴan sandan jiha ke yi kafin a miƙa wa mutum bindiga, na fito da girin kad ɗina, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ina jiran irin kallon nan da muka saba gani, sunana na Musulmi ga harshena ya nuna daga inda na fito, amma Mama, maiɗakin Baba, ta karɓa ta duba ta rubuta lambar yanda ake yi wa kowa, har tana tambayata yanda ake furta sunan daidai. Ƙaramin abu ne amma ni na san abin da na ji a raina.

Ni jikan maharbi ne, kakana da bindigar toka ya yi farautar gada da barewa a dajin ƙauyenmu, shi ke ɗura albarushi da kansa, amma ni ban taɓa riƙe bindiga ba sai nan. Da na ba ku labarinsa kun tsaya kun saurara har kuna tambayar yanda ake ɗura ta, kuka ce ai nan ma akwai lokacin farauta na musamman da bindigar ƙanƙara bayan Kirsimeti. Kuma a bakinku na fara jin cewa tun 1937 akwai dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin kashi 11 cikin 100 na dogayen bindigogi da harsasai yake komawa wajen kula da namun daji, wato ni ma da ɗan abin da na biya na sa hannu. Ina ma a ce ana irin wannan a gida, da dazuzzukanmu ba su zama wayam ba.

Na je filin gwajin harbi na hukumar na yi ta yi kamar yanda kuka ce, daga yadi 25 zuwa 100, har harsasai suka riƙa taruwa wuri ɗaya. Ranar Asabar ta bayan Thanksgiving, bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, da aka buɗe farauta na fita cikin sanyin da har yatsu ba sa lanƙwasuwa, ban samu komai ba ranar, sai a mako na biyu Allah ya ba ni mace da takardar da na nema. Na yi bismillah kafin in ja kunama yanda malaminmu ya koya mana, harbi ɗaya, ba ta yi nisa ba. Mun yi farfesu, uwargida ta yi dambun nama, mun raba wa maƙwabta da ƴan masallaci, kowa ya san tsadar naman halal a nan don haka ba sai na faɗi irin murnar da aka yi ba. In Allah ya kai mu baɗi kuma na samu biyu, ɗaya zan kai shirin Hunters Sharing the Harvest da kuka nuna min takardarsa, wanda ke raba naman ga mabuƙata.

Ƴan uwa masu sha'awa, kowace jiha dokarta daban, na Ohayo ko Michigan kar ya ɗauki tamu ya yi aiki da ita, kuma mai biza ba hukuncinsa ɗaya da mai girin kad ba, a tambaya kafin a sayi komai. A haɗa da akwatin ƙarfe mai makulli, don Baba bai bar ni na fita ba sai da ya tambaye ni ko akwai yara a gida da inda zan ajiye ta.

Baba da Mama da saurayin ɗakin baya, na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya ba ku lafiya da tsawon rai. Ƙanena ma ya yi rajistar kwas ɗin, yana gamawa zan kawo shi.

Naku,
wani Bahaushe mazaunin garinku