A Kira Iyaye da Sana'arsu, Ba da Aljihunsu Kaɗai Ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye masu 'ya'ya a makarantun sakandare na gwamnati, in haɗa da shugabannin makarantun. Ni kafinta ne a birnin Kano. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, kuma ina cikin iyayen da aka sa a kwamitin kula da makarantar.

Shekara da shekaru, in aka ce wa uba ana nemansa a taron PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, abin da kunnensa ke ji shi ne a zo da kuɗi: na alli, na maigadi, na gyaran kwanon da iska ta yaye. Da gwamnatin Ganduje ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sai da yawanmu suka ɗauka an sallame mu ke nan. Muka ɗauke hannu, muka ɗauke ƙafa. Yau akwai uban da 'yarsa za ta shekara shida a makaranta bai san fuskar malamar ajinta ba. Abu biyu ke kawo shi bakin ƙofa: a ce an daki yarinyar, ya zo da faɗa, ko a ce sakamakon kwalifayin ya fito, ya zo ya ji gwamnati ce za ta biya mata kuɗin NECO ko shi zai nemo.

A makarantarmu an daɗe ana kukan cewa manyan ɗalibai na sulalewa gida bayan an fita tara, ba sa dawowa. Aka yi bulala, aka yi sa shara, ba a daina ba. Mu maza a kwamiti muna ta cewa lalacewar tarbiyya ce, har sai da wata uwa ta ja wata malama gefe suka yi magana irin ta mata. Ashe banɗakunan ba ƙofa, ruwa ma babu. Budurwa 'yar shekara 16, balle a kwanakin al'adarta, ba za ta shiga irin wannan wuri ba, kuma ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa malami namiji dalili ba. Gara a dake ta.

Abin da aikin ya ci bai taka kara ya karya ba. Wani uba mai sayar da katako a Na'ibawa ya ba da katako, ni da yarana muka yi ƙofofi muka sa sakata, mai aikin famfo ya canza robar tuƙa-tuƙan da aka ce ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau. Ranar Asabar muka yi shi, aikin gayya, mata suka kawo kunu da ƙosai. Da na zagaya bayan azuzuwa sai na tarar da tulin bencina karyayyu, rana na dukansu, yara kuwa na zaune a ƙasa a cikin aji. Duk kafinta ya san daga karyayyu uku ana fitar da lafiyayyu biyu, ƙusa kawai za a saya. Sun daɗe a nan suna jiran ɗan kwangila.

Shawarata ke nan ga shugabannin makarantu: ranar da ake ɗaukar ɗalibi, a rubuta sana'ar uwa da ta uba kusa da lambar waya. A kowace makaranta akwai mai walda da birkila da tela a cikin iyaye, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai tsohon malamin lissafi da ya yi ritaya yana zaune a ƙofar gida. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, amma har yau akwai yarinyar da ranar jarrabawa ce ranar farko da za ta zauna gaban na'urar. Uban da ke da shagon kwamfuta zai iya ba ɗalibai 'yan sa'o'i a ƙarshen mako, in an nema. Dattijon da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana da furfura. Dattawa biyu suka fara zama a benci a bakin ƙofarmu lokacin tashi, ba sanda ba tsawa, samarin da ke tsayawa suna tare 'yan mata suka nemi wani wuri.

Wani abokina a kasuwa ya ce min wannan duk wahalar da kai ce, haƙƙin gwamnati ne, in muka yi mata sai ta ƙara miƙe ƙafa. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Gina azuzuwa da ɗaukar malamai da biyansu albashi aikin gwamnati ne, kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, don haka ba mai musun cewa akwai gyara. Ni ma ba na son al'adar nan ta ɗauko matashi mai digiri a ce malamin PTA ne, ana ba shi abin da bai kai kuɗin adaidaita sahunsa ba, shekara ta zagayo ana kiran abin wucin-gadi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uban da bai taɓa leƙa aji ba, me zai ce wa jami'in ilimi ko ɗan majalisarsa? Wanda ya shiga ya gani shi ne zai ce aji kaza babu malamin Fizis, a kawo.

Akwai kuma maganar kuɗi. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na ilimin 'yan mata, Kano na cikin jihohi bakwai na farko, kuma tallafin gyaran makarantu ta hannun kwamitin kula da makaranta yake bi. Inda iyaye suka ƙaurace, kwamitin kan koma suna a takarda, mutum biyu ko uku su sa hannu, sai dai a ga an shafa fenti a bangon da ke kallon titi. Ban ce ko'ina haka ake ba. Na dai ce kujerarmu ce a wurin, mu muka bar ta.

Su ma shugabannin makarantu akwai nasu. A sa taron iyaye ranar Talata da ƙarfe goma na safe, lokacin da ɗan kasuwa ke buɗe shago, ma'aikaci na ofis, uwa na kan girki, sannan a ce iyaye ba sa zuwa. Wanda ya daure ya zo kuma a yi masa jawabi da Turanci, a rufe da addu'a ba a ba shi damar tambaya ba. A mayar da taron Asabar ko Lahadi bayan la'asar, a yi shi da Hausa, a sanar a masallatan unguwa, a aika wa mata takardarsu daban don kada ta tsaya a aljihun maigida. Duk abin da aka tara ko aka kashe, ko naira dubu ce, a rubuta a manna a allon sanarwa inda kowa zai karanta.

Ranar Asabar ta farko bayan an dawo daga hutu za mu hau gyaran tagogin ɗakin gwaje-gwaje. Har yanzu muna neman mai walda a cikin iyaye.

Wassalam.

Wani kafinta,
Ƙaramar Hukumar Gwale, Kano.