Ba Kullum Inji ke Kayar da Ƙaramin Jirgi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi gyara kan yadda ake ba da labarin hatsarin ƙananan jiragen sama. Da zarar an ga jirgi ya kifa hanci a gefen titin sauka, sai a rubuta cewa inji ne ya samu matsala. Sau da yawa injin lafiyarsa lau, saukar ce ta ɓaci.

A ɗauki Cessna 172 mai kujera huɗu. Ana so ya tunkari titi da gudun kilomita 110 zuwa 130 a awa. In gudun ya haura da kashi 10 cikin ɗari, filin da zai ci kafin ya tsaya yakan ƙaru da kusan kashi 20. Sai ya yi ta shawagi dab da kwalta ya ƙi zama, titi na ƙarewa, matuƙi ya ƙosa ya tura sitiyari gaba. Nan ɓarnar take. Manyan tayoyi biyu aka ƙera don ɗaukar nauyin sauka, ta gaba ba ta da wannan ƙarfin. In ita ta fara taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle ya dawo ta hanci, tsalle na biyu ya fi na farko muni. Kafin a ankara ƙafar gaban ta karye, farfela ta sari kwalta, sai an kwance injin an duba cikinsa.

Iska ma tana da nata. In tana busowa daga baya, kowace kilomita 4 a awa tana ƙara wa nisan sauka kashi 10. A fili mai tudu kamar Jos, sama da ƙafa 4,000, ga zafin rana, iska ba ta da kauri, jirgi yakan iso ƙasa da gudu fiye da abin da mitar gudu ke nunawa.

Maganin kuwa tun ana ɗalibi ake koyar da shi, har a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya: saukar da ta ƙi daidaita a fasa ta. A ba da totur duka, a rage filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa yayin sauka, zuwa digiri 20, a riƙe hanci kada ya ɗaga da yawa, a zagayo. Minti biyar ne da ɗan mai. Kunyar idon fasinja ce ke hana wasu.

Don Allah wakilanku su riƙa jiran rahoton farko na hukumar NSIB mai binciken hatsarin jiragen sama a Nijeriya, wanda ƙa'ida ta ce ya fito cikin kwana 30, kafin su ɗora wa inji laifi.

Naku,
Mai karatu daga Zariya