Mun biya kuɗi dodo ya zo teburinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki, ya haƙuri da mu masu karatu. Don Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana iyaye mata, musamman mu na nan Legas masu goyon 'yan shekara biyu zuwa uku, a kan wani abu da ya zama yayi yanzu, wato a kai yaro wurin wasa a biya kuɗi ya ci abinci tare da 'yan katun, irin mutanen nan da ke shiga rigar ɓera ko zomo mai ƙaton kai suna bin tebur tebur ana hoto da su.

Abun da ya tayar da maganar, ƙanwar maigidana ce ta kira ni makon jiya daga Ikeja wai sun samu biza za su Amurka hutun Disamba, kuma ita babban burinta ta kai ɗanta, ɗan shekara biyu da wata huɗu, ya yi karin kumallo da Mickey, ɓeran nan na katun, a wurin wasan Disney da ke garin Orlando. Nace mata toh Allah ya kai ku lafiya, amma zauna in baki labarin abun da ya same ni da Auta a ƙaramar sallah, a nan gida ma ba sai an hau jirgi ba.

Mun tashi daga Agege tun ƙarfe tara da niyyar sha ɗaya muna can, gosulo ya riƙe mu sai wajen ɗaya saura muka isa, kuma duk uwa ta san ƙarfe ɗaya lokacin barcin yaro ne ba lokacin wasa ba. Wurin ba zan faɗi sunansa ba don gaskiya ba laifinsu bane, nawa ne. Mun zauna an kawo jalof da kaza da cips, Auta ta fara ci kenan da hannunta tana shafa min mai a mayafi, sai sifika ta ɗau kiɗa, sai ga wani zomo ya fito daga bayan labule, tsawonsa ya fi na Abbansu in an haɗa da kunnuwan, idanu kamar faranti ba sa ƙiftawa, haƙora biyu a waje, yana tafe yana rangaji hannu a buɗe ya nufo mu kai tsaye. Yayyenta biyu suka ruga suna ihun murna. Ita ko ta ƙame, loma a baki, sai da ya kawo kansa dab da fuskarta sannan ta saki wata ƙara da har masu teburin can nesa suka waiwayo, ta haye jikina ta cusa kai cikin mayafi tana dodo Umma dodo, lemon kwalba ya kife a kan sabon leshina, famfas ya cika nan take. Hoton da na biya dominsa, in kin gani, ƙeyarta ce kawai da rabin kunnen zomo.

A mota muna dawowa ne Hajiya, surukata, ta faɗi maganar da har yau nake juyawa. Tace ke 'yar nan, ba ku bane kullum in ta ƙi cin tuwo kuke ce mata dodo zai zo ya kama ta? To yau tana cikin cin abinci dodo ya zo, me kuke so ta yi? Wallahi na rasa amsa. Mu da bakinmu muke tsorata su da dodo daga magariba zuwa isha, sannan mu cire kuɗi mu gayyato shi. Yaro ɗan shekara biyu bai san akwai mutum a ciki ba, shi ɓeran da ya sani a waya bai fi tafin hannunsa ba, bai taɓa zaton in ya fito zai fi babansa girma ba. Manya ma nawa ne ke ja da baya in dodannin Eyo na Yarbawa suka fito a Isale Eko da fararen kaya da sandunansu, balle jariri.

Sai na zauna da ƙanwar tawa muka duba yadda tsarin can yake, don ni ba cewa nake kar a je ba. A Disney yaron da bai kai shekara 3 ba ba ya biyan kuɗin shiga, kuma a irin wuraren da kowa ke ɗibar abinci da kansa ba a cajinsa, a farantin uwarsa zai ci. Daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, daga 10 kuwa kuɗin babba ne cif, ko da ɗan naki cokali uku yake ci. Wannan rangwamen ne ke ruɗar iyaye su ce bari mu yi sauri kafin ya cika uku, an manta ku manyan za ku biya naku da dala, kuma kin san yadda dala take da naira yanzu. Ana fara kama tebur kwana 60 kafin ranar, masu farin jinin kan ƙare da wuri, kenan mai zuwa Disamba tun Oktoba za ta tsaya a kan waya. Akwai kuma bambanci tsakanin gidan abincin da ke cikin filin wasan da wanda ke otal. Gidan abincin Crystal Palace a cikin filin wasan Magic Kingdom yake, sai kin sayi tikitin shiga kafin ki kai ga teburin, kuma in ji masu zuwa har da ɗan alade mai ruwan hoda cikin masu zagayawa, na ce mata wannan kam kar a nuna wa Hajiya hoton. Chef Mickey's kuwa a otal ɗin Contemporary yake, ba sai da tikiti ba, in yaron ya birkice kuɗin abinci kawai kika yi asara ba na yini guda ba.

Maganar alade ta tuna min, karin kumallon Turawa bekin da sosej ne a gaba gaba, mafi yawa na alade, don haka a tambaya tun wajen kama tebur, a sake tambayar mai kawo abinci, in an ga babu tabbas a tsaya a ƙwai da 'ya'yan itace da wainar nan tasu da ake yi da siffar kan Mickey. Ba abun kunya bane.

Sai agogo, wanda shi ne ya kashe ni a nan Legas. A Disamba Orlando na bayanmu da awa 6, yaron da ya saba tashi bakwai a Ikeja zai farka ƙarfe ɗaya na dare can yana neman shayi, in kika kama tebur na yamma to jikinsa na gaya masa tsakar dare ne, mai kuka za ki kai. Nace ta kama na sassafe, kuma kar ranar farko, ta bari sai kwana na uku ko huɗu, ya fara hango su daga nesa tukunna yana kan kafaɗar babansa, ta karanci fuskarsa. Har na ce mata da ma Faris suka nufa, Disneyland ɗin can tun 1992 yake, kuma da sanyi agogonsu ɗaya da namu, amma biza ta riga ta fito, magana ta ƙare.

In an zauna kuma a sa yaron ta ciki, wajen bango, uba ya zauna ta bakin hanya ya fara gaisawa da abun, ya taɓa hannunsa ya yi dariya yaro na kallo. In ya noƙe a ɗaga wa mai rigar hannu ya wuce, sun saba, ba a dole. Masu ƙaton kan nan ba sa magana sam, shi ma yana ƙara tsoron, shi ya sa wasu yaran suka fi sakewa da masu shigar gimbiya da fuskarsu ta mutane a buɗe. Kuma a ba shi ɗan abu ya ci tun a ɗaki, don da zarar sun fara zagaye ba mai cin komai, ke ma kanki kina riƙe da waya abincin zai huce. Abun da ya fi ban haushi ranar tamu shi ne wata mata da na gani tana tura ɗanta yana tirjewa yana shiɗewa, ita kuma tana cewa tsaya mana kuɗi na biya. Haba baiwar Allah, wannan hoton na status ɗinki ne, shi ko tunawa ba zai yi ba sai dai ya dinga firgita cikin barci.

Kafin mu bar wurin na zagaya baya neman famfo in wanke leshina, Auta na saɓe a kafaɗa tana ajiyar zuciya, sai ga zomon nan zaune kan benci kusa da janareta, ya cire kan ya ajiye a ƙasa, wani saurayi ne siriri gumi ya jiƙa shi sharkaf yana shan fiya wata leda biyu a jere. Yana ganina ya miƙe yace Hajiya sannu, don Allah a yi haƙuri na tsorata ƙanwata. Ashe ɗan gida ne, wai a Mile 12 yake zaune, aikin sallah ne ya samu na kwana uku. Auta ta leƙo ta kalle shi, ta kalli kan zomon a ƙasa, ta sake kallonsa, can sai ta miƙa masa guntun biskit ɗin da ta jiƙe da yawu, ya karɓa da ƙaton hannun nan na soso yace na gode.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Taku,
Maman Auta, Agege, Legas