Dan Allah mata, mu daina cin bashi saboda anibaser ɗin jinjiri

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ni tela ce a unguwar Zariya nan Maradi, kuma abinda ya sa na rubuto maka wani abu ne da ya tsaya mani a rai tun watan jiya, akan wannan shagalin cika shekara ɗaya da ake yi ma yara yanzu, wanda mu nan muke ce ma anibaser, 'yan uwanmu na Katsina da Kano kuma su ce bazde.

Wata ƙawata ce, tare muke adashi, ɗanta na fari ya cika shekara. Ni na ɗinka ankon ma, kala 14 har da na yaron da na babanshi. Ta roƙi uwar adashi aka ba ta ɗaukar da ba tata ba, bai isa ba ta saida akuyarta guda da ta kusa haihuwa, ta ƙara da bashi wurin wata mai saida atamfa. An yi hayar rumfa da kujeru, an kawo sono, wato lasifikar kiɗa, an kawo mai foto, gato, wato kek, mai hawa uku da sunan yaro a kai. Wallahi Malam tun da aka kunna sonon nan yaron yake tsala ihu, an sa mashi wata riga mai ƙaiƙayi ga zafi ga mutane kowa na so ya ɗauke shi a yi foto, ƙarshe dai kakarshi ta karɓe shi ta goya ta shige ɗaki da shi, can ya yi barci, gaton ma ba da shi aka yanka ba. Sati uku bayan haka zazzaɓi ya kama shi cikin dare, da safe sai gata ƙofar shagona idonta jawur tana neman aron jikka 3, wato sefa dubu 3, na kabu-kabu da magani. Gaskiya ne tun 2006 gwamnati ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma duk uwa ta san wani lokaci maganin ba ya nan sai an rubuta maki takarda ki tafi farmasi da kuɗinki. Na ba ta, ban ce mata komai ba dan ba lokacin magana ba ne, amma ranar ban iya taka keke da daɗi ba.

Ni ina cin abinci da ɗinkin anko, ban ɓoye ba, duk sanda aka fidda anko ciniki ne a wurina. Amma ba zan ji daɗin kuɗin da na san akuyar mutum aka saida aka kawo mani ba.

Nima ɗiyata ta cika shekara bara, kuma na yi mata, dan ni ban ce kar a yi murna ba. Duk wadda ta yi rainon jinjiri a garin nan ta wuce damina da sauronta, ta wuce fitar haƙora da gudawa, ta wuce zafin watan Afrilu, ta ga ɗanta ya fara tatata yana kama bango, ai dole zuciyarta ta cika da godiya. Abinda na kashe gaba ɗaya jikka 12 ne, shi ma tarawa na yi a asusu kaɗan kaɗan tun tana wata 8. Na sayo fulawa da sukari da ƙwai da bota a babbar kasuwa, ni da ƙanwata muka kwaɓa, muka zuba a gwangwanayen madara da muka wanke muka shafe da mai, muka zuba rairayi a gindin babbar tukunya muka ɗora kan gawayi, muka jera gwangwanayen ciki muka rufe, muka sa garwashi kaɗan bisa marfin. Ƙamshin har maƙwabta, yara suna ta leƙowa ta zaure tun kafin a sauke. Ƙananan gato guda 30 muka samu, kowane yaro da nashi a hannu ba rigimar yanka. Muka yi cincin tun kwana biyu kafin ranar, muka dafa zoɓo da citta da kanumfari muka ƙulla a leda muka kai firigon maƙwabciya. Manya kuma dambun shinkafa da zogale, zogalen Jiratawa ɗanye shar, da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da albasa, wallahi ko loma ba ta rage ba a tire.

Tabarmi muka shimfiɗa a tsakar gida ƙarƙashin dogon yaro, ba kujera ko ɗaya. Rigar sallarta na sa mata. Foto kuma da wayar ƙanen mijina aka ɗauka, yanzu haka akwai guda biyu da na wanke suna manne a bango. Na kira mutane bayan la'asar ne da ta tashi barci ta sha nono ta ƙoshi, kafin a kira magariba kowa ya watse. Baban mijina ya ɗora mata hannu a ka ya yi addu'a, sauran dambun aka zuba ma almajiran da ke tsaye bakin ƙofa.

Na san akwai malamai a garin nan da ke cewa abin ma gaba ɗaya ba namu ba ne, abinda addini ya sani shine suna ranar bakwai da ragon suna, wasu kuma su ce in ba kiɗa ba almubazzaranci to al'ada ce kawai. Wannan na bar ma masu ilimi, kowa ya tambayi malaminshi. Amma bashi saboda a gani a status na WhatsApp, ban taɓa jin malamin da ya ce a yi ba. Kuma mu faɗi gaskiya, yawanci gasar tsakaninmu ce mata, kishiya ta yi ma nata, facala ta yi gato mai hawa biyu sai ke kin yi mai uku, maigida kuma ana ta matsa mashi alhali kowa ya san yadda kaya suka yi tsada tun da aka rufe boda a 2023, har yau tiyar hatsi da litar mai suna ba magidanta wahala.

Sai wani abu da nake gani wurin irin wannan taro yana tada mani hankali, yadda ake ɗura ma yara lemun kwalba da alewa da minti. Ɗan shekara ɗaya cikinshi nawa yake? Ma'aikatan lafiya suna ta faɗa mana a wurin awo cewa a ci gaba da ba yaro nono har shekara 2, Alƙur'ani ma shekara biyu ya ambata, a haɗa mashi da kunu mai gyaɗa, ƙwai, wake, ɗan ganye. Zuma ba a ba jinjirin da bai kai shekara ba. Gyaɗa guda-guda da alewa mai tauri suna iya sarƙe yaro, haka balan-balan in ta fashe yaro mai rarrafe ya tsinci guntun ya kai baki, to taro ya cika kowa na hira waye zai lura? Ni ranar ƙanwata na ɗora ma aikin, ba ruwanta da rabon abinci, idonta na kan masu rarrafe kawai.

Kuma a satin ne na ɗauko karnen rigakafinta, wato katin allurarta, na kai aka duba mani, aka tabbatar ta samu ta ƙyanda da ta shawara ta wata 9, aka faɗa mani watan da zan maido ta a yi ta ƙyanda ta biyu, dan da yawanmu daga wata 9 muke ɗauka an gama. Na kuma sa babanta ya karɓo takardar haihuwarta da aka yi ta ɗagawa tun suna.

Roƙona Malam Edita, dan Allah ku ware shafi ko rabi ne ku tattauna da ungozoma ko wata ma'aikaciyar awo akan abincin ɗan shekara ɗaya da alluran da suka rage mashi, ku rubuta da Hausa mai sauƙi yadda za mu iya karanta ma junanmu ranar zubin adashi. Ƙawata har yanzu saura jikka 20 mai atamfa ke binta, kuma damina ta kusa.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Taku mai karatu,
wata tela daga unguwar Zariya, Maradi