Babana, kar ka sallama wa mai gareji motar nan tukuna

Assalamu alaikum Babana, ya Ankara, ya aiki, ya mai ɗakinka da yaran. Mu nan Aboabo lafiya lau alhamdulillah, sai hazo da ya sauko da ɗan sanyin asuba. Na saurari saƙonka na WhatsApp har sau biyu, na so in kira ka amma na san halinka, a waya to Baba to Baba kawai kake cewa ka manta rabi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ka karanta a nitse.

Ka ce mai garejin sayar da motocin nan na hanyar Achimota ya taya Corolla ɗin sidi 125,000 kuɗi hannu, kai kuma kana ganin irinta a Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, an sa mata 160,000. Ni dai shawarata ka ce masa albarka. Ba wai ina cewa mutumin macuci ba ne, a'a, sana'arsa yake yi, yana biyan kuɗin fili, yana biyan yaran da ke wanke motoci kullum safe, kuɗinsa zai iya kwanciya wata uku huɗu a cikin mota ɗaya, dole ya saya da araha ya samu na cefane. Amma ka gane abu ɗaya, abin da ya sa motarka ta fi sauran shi ne mil 31,000 ɗin nan da ke kan mita, kuma wannan shi ne abin da mai gareji ba zai taɓa biyan ka kuɗinsa ba, don da zarar ta shiga layi cikin motoci talatin ba wanda zai yarda da mitar. Kowa a garin nan ya san da 'yar na'ura ake mayar da mita baya kafin ka gama shan koko, motar da ta ci mil dubu ɗari da hamsin a wayi gari ta koma arba'in. To mai saye in ya je gareji da wannan zargin yake zuwa, shi ma mai garejin da shi yake taya maka.

Amma in kai da kanka ka tsaya gaban mai saye, maganar ta canja. Kai ne ka ɗauko ta daga tashar jiragen ruwa ta Tema, takardun kwastan na hannunka, lambarta da 21 a ƙarshe kowa ya ga shekarar da aka yi mata rajista, ga rasit ɗin duk juyen mai da ka yi, waɗanda nake ta maka faɗa ka dinga ajiyewa kana ganin kamar fitina ce. Ka buɗe masa ƙofa ya duba robar birki da ta totur, ya shafa sitiyari ya ji bai yi santsi ba, ya zauna kujerar direba ya ji ba ta lotsa ba, waɗannan ba na'urar da ke gyara su. Ka ba shi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan na gindin gilashin gaba, ya bincika tarihinta na Amurka a intanet in yana so. Ka bar shi ya zo da makanikensa su ɗaga ta su leƙa ƙasa, gani ya kori ji. Kuma dan Allah ka faɗa masa mil take ƙirgawa ba kilomita ba, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato ta yi wajen kilomita 50,000 kenan, kar ka bar shi ya tafi da lissafin da ba shi ba.

Sannan maganar bamba ta baya da aka sake wa fenti bayan mai trotro, bas ɗin haya, ya goge ku a Madina, ka faɗa tun kafin a tambaye ka. Manzon Allah SAW ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma ya ce in mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana sai a sa musu albarka a cinikinsu. Kuɗin nan rufin gidanka na Kasoa za ka yi da shi, inda jikokina za su kwana, ban so ko sidi ɗaya mai shubuha ya shiga kwanon nan. Tayoyin ma ka duba su, motar da ba ta yawo tayarta kan tsufa a tsaye, akwai lamba huɗu a gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, in sun daɗe ka faɗa masa ka ɗan rage.

Kafin ka sa ta a Jiji ko Tonaton fara faɗa a masallacinku da wurin aiki, sau da yawa mai saye na kusa da kai, ga kuma masu neman motar Uber da Bolt, su Corolla ba ta musu kwantai. Dillalai za su yi ta kira, ba laifi, amma ku yanke la'ada tun farko da shaida. Kar ka kawo baƙo gida, ku haɗu gidan mai da rana tsaka, ka tafi da ƙaninka, in zai gwada ta ku shiga tare kuma takardun asali su zauna a gida, kwafinsu kawai za ka riƙe. Kuɗi kuwa a banki, ku shiga tare a zuba a asusunka ma'aikacin ya tabbatar maka da bakinsa. Saƙon MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, da alat na ƙarya sun yi yawa yanzu, cek kuma sai ya fashe tukuna. Wanda ya ce zai ba da rabi ya cika sauran bayan sallah, ko ɗan'uwanmu ne, ka ba shi haƙuri, bashin mota ya raba zumunci da yawa a zangon nan ina gani da idona.

Yanzu ga wadda ta fi damuna. Ranar da kuɗi ya shiga, ranar ko washegari ku tafi DVLA, ofishin rajistar motoci, tare a canja suna, kai da shi ƙafa da ƙafa, kar ka ba wa goro boys, dillalan takardu na bakin get, su yi maka, ka shiga ciki da kanka. Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna ba, na sayar da tasi ɗina ga wani mutum mai fara'a a nan Kumasi, muka yi musabaha ya ce Alhaji sati mai zuwa za mu je a canja, sati ya zama shekara biyu, ashe ya sayar wa wani, wanin ma ya sayar. Wata asuba ina kan buzu ban ko shafa addu'a ba aka buga ƙofa, wai motata ta kaɗe yaro a hanyar Techiman direba ya gudu, kuma sunana ne a takarda. Mamanka na tsaye bakin ɗaki da kai a goye tana rawar jiki. Sati uku ina zirga-zirga, da ba don limaminmu da ya shaida cinikin ya tsaya min ba, Allah kaɗai ya san inda zan kwana. Yaron ya rayu alhamdulillah, amma har yau in na tuna uwarsa a bakin asibiti sai gabana ya faɗi. Don haka ku rubuta takardar ciniki, shaidu biyu su sa hannu, ka ɗauki hoton katinsa na ɗan ƙasa, wato Ghana Card, ka je wurin masu inshora ka sanar da su. Ko mai gareji ka sayar wa wannan na nan, don su sukan bar sunan mai ita har sai sun samu mai saye.

Da a ce ciwo ne ko wata larura ta gobe da safe, da ni zan fara cewa kai masa ka karɓi abin da ya samu. Amma kai rufi ne, ruwa kuma sai wajen Afrilu zai kankama, kana da wata biyu cur. Ka ba kanka sati shida, in ba ta tafi ba garejin na nan ba inda za shi. Abin da ban yarda ba shi ne ka ajiye masa ita ya sayar maka a kan kamasho, ta yi ta shan rana a bakin titi ba ka san wa ke hawa ba.

Ka sa a wanke ta sosai har injin, ka turo min hotunan kafin ka ɗora, akwai wani malamin makaranta a Asawase da ya daɗe yana min maganar Corolla, zan nuna masa bayan Juma'a. Mamanka na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yaran. Allah ya yi maka albarka, ya kawo mai saye na gari.

Babanka